Ƙyalle a Kan Hanci

Ban taɓa kiran sunan ɗana da bakina ba. Shi ne ɗan fari, sannan sunan surukina aka sa masa, kunya biyu ke nan a kan yaro ɗaya. Maisuna nake ce masa tun yana cikin zani. Yanzu kuwa kaf layinmu a Barunde, daga mai kanti har matan da muke haɗuwa da su a bakin famfo, Kaboyi suke kiransa. Ba ni na zaɓa ba, babu kuma wanda ya tambaye ni.

Abin ya faro ne daga zuwan surukin nawa, wanda kowa a dangi ke kira Baffa. Makiyayi ne, a cikin shanu ya tsufa. Garken ya ƙare masa a hankali. Gonaki suka cinye burtalin da yake bi da su zuwa mashaya, ciwo ya ɗauki wasu, ya sayar da wasu, har aka wayi gari babu abin da ya rage sai igiya. Mijina ya je ya ɗauko shi, ya sa shi a ɗakin da ke kusa da zaure. Kayansa duka da hannu ɗaya na shigar da su: tabarma, buta, sanda, da wata tsohuwar malafa da gefenta ya fara warwarewa.

A wurinmu can Borno ma ana kunyar suruki, amma ta mutanen mijina daban ce. In Baffa ya shigo tsakar gida, ni sai in shige ɗaki. In na kai masa abinci, in durƙusa in ajiye, in gaishe shi idona a ƙasa, ya amsa yana kallon katanga. Bayan gaisuwa babu wata magana tsakaninmu. In yana son abu, ko ina tsaye a wurin, jikansa zai kira: "Takwara, ka ce wa uwarka ruwan butar ya ƙare." Ni ma in ce, "Maisuna, ka ce wa Baffa ga shi nan zuwa." Mijina ma bai fi ni ba, don shi ma ɗan fari ne. Shi da mahaifinsa sai su yi awa guda a tabarma ɗaya, kowa na kallon gabansa. Duk maganar da za ta isa kunnen Baffa a gidan nan sai ta bi ta bakin yaro ɗan shekara shida.

Watannin farko tsohon ramewa ya yi. Ya wuni a ƙofar gida yana kallon keke napep na wucewa, kwanon tuwo ya dawo mini rabi. Mijina yana da rumfar takalma a babbar kasuwa, da safe yake fita sai bayan magariba. Wata rana ya tuna ya taɓa jin Baffa na ba wani baƙo labarin samartakarsa, wai in sun kawo shanu cikin gari yakan sulale ya shiga silima ya kalli kaboyi. Sai ya sayo waya mai faffaɗar fuska, ya kai wa masu tura fina-finai a kasuwa suka cika ta da tsofaffin fina-finan kaboyi. Ya miƙa wa Maisuna ya ce ya kai wa kakansa.

Tun daga ranar kwanon tuwo ya riƙa dawowa wayam. Wannan kam ba zan ɓoye ba.

Bayan la'asar suke zama a gindin darbejiyar tsakar gida, tsoho da jika, kai a haɗe. Ni kuma lokacin ina bakin murhu, taku goma tsakaninmu. Ranar farko da aka yi harbi a cikin wayar, ban san lokacin da na saki ludayi na suri jaririyata ba. Sai da na kai bakin zaure, ƙafa ba takalmi, sannan na ji Maisuna na dariya yana cewa, "Kaka, ya faɗo daga kan doki." Na dawo na tsince ludayin daga cikin toka. Babu wanda ya ɗago kai.

Baffa ba ya jin Turanci ko kalma ɗaya, amma hakan bai hana shi fassara ba.

"Wannan cewa ya yi, kai ɗan gidan wa ne a garin nan? Shi kuma ya ce, bari dokina ya sha ruwa tukuna, mara kunya."

"Kaka, ya aka yi ka sani?"

"Ba ka ga bakinsa ba? Matsa, ka tare mini da wannan ƙaton kan naka."

"Kai ne mugun, ni ne jarumin."

"Kai da ko malafa ba ka da ita? Jarumin da ke fitsarin kwance."

Ban taɓa zama na kalla ba, amma mai wucewa da tsintsiya ma tana da ido. Kafin wata biyu na gane fim ɗin nan guda ɗaya ne, fuskoki kawai ake canjawa. Gari ne mai titi ɗaya, gidajen katako, ko bishiya babu. Sai baƙo ya shigo a kan doki, ba a san ubansa ba, ba a san daga ina yake ba, ba ya gaida kowa. In malafarsa fara ce, mutumin kirki ne. In baƙa ce, a ɓoye yara. Zai tura wata ƙofa ta gidan giya wadda ba ta kai sama ba, ba ta kai ƙasa ba, ban san me take tarewa ba, sai kowa ya yi shiru. Akwai mai tauraro a ƙirji, shi ne hukuma, amma ko dai matsoraci ne ko an saye shi. Can kusa da ƙarshe kiɗa zai canja, mata su ja yara su rufe tagogi, maza biyu su tsaya a tsakiyar titi da rana tsaka, kowa hannunsa a ƙugu, suna jiran juna kamar masu jiran liman. Ɗaya ya faɗi. Wanda ya rage ya hau dokinsa ya tafi, mace na tsaye tana kallon bayansa. Ba ya tsayawa ko jana'iza. Ban taɓa ganin an nuna wadda ta wanke jinin ba, ko wanda ya gyara tagar da aka fasa.

Akwai kuma wasu mutane masu gashin tsuntsu a ka, da ke zaune a bukkokin fata. Kullum su ake kora, su ake ƙona wa gari, kuma kullum in sun fito kiɗan mugaye ake sa musu. Na taɓa ganin wata mace a cikinsu tana gudu da goyo, daƙiƙa biyu aka nuna ta aka wuce. Na daɗe ina tunanin inda ta kwana.

Shi Baffa ba harbin ne ke tayar da shi zaune ba, na lura da wannan tun da wuri. In aka nuno shanu, jajaye masu dogon ƙaho irin rahaji, sun cika fili har ƙarshen ido, sai ya kawo wayar dab da hancinsa. Daga nan kuma sai faɗa.

"Dubi sakarkaru. Ana korar saniya ta baya da ihu, kamar an yi gobara? Gabanta ake shiga, a kira ta da suna, ta biyo ka. Waccan mai ciki ce, ka ga yadda suke sa ta gudu? Ba nasu ba ne, Takwara. Mai abu ba ya yi masa haka. Kwaso su suka yi."

"Me ya sa suka rufe hanci?"

"Na baya ƙura yake sha. Shi ya sa na ce maka gaba ake shiga."

Ni dai a sanina, kaboyi ɗan bindiga ne. Haka kowa ya sani. Ko a unguwa in matashi ya fiye rigima da tsokana sai ka ji an ce yana wani kaboyi-kaboyi. Kuma masu rufe hanci da ƙyalle ba a waya na fara ganinsu ba. Ina da shekara goma sha ɗaya, ina aji huɗu, suka shigo garinmu a kan babura. Daga ranar ban sake shiga aji ba.

Na yi wa mijina magana ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

"Yaron nan ya fara nuna mini yatsa biyu in na ce ya zo ya yi wanka."

"Wasa ne. Mu ma mun yi."

"Ku ba ku ga na gaske ba."

"Na sani. Amma dubi tsohon, ya fara cin abinci. Ki bari zan san yadda zan yi."

Yadda zai yi ɗin shi ne ya tsaya a bakin ɗakin Baffa, ya yi gyaran murya, ya tambaye shi ya ƙafa, ya dawo. Na ɓoye caja a cikin tukunyar da ba na amfani da ita. Baffa ya ɗauki sandarsa ya taka har bakin titi wurin mai cajin waya, da ƙafarsa mai ciwo, a cikin rana. Da na hango shi yana dawowa yana ɗingishi, kunya ta kama ni, na fito da cajar na ajiye a inda za a gani. In aiki Maisuna da saƙo kuma, me zan ce masa? Ka ce wa kakanka ya daina nuna maka abin da ka fi so a duniya? Kafin ya kai gindin darbejiya saƙon ya zama wani abu daban.

Ranar wata Alhamis aka aiko daga makarantar su Maisuna, wata ƙarama da ke bayan layinmu, aka ce in zo. Na goya yarinya na tafi. Shugabar makarantar, wata dattijuwa mai tabarau, ta buɗe aljihun tebur ta fito da wani jan ƙyalle. Na gane shi, ragowar atamfata ce da tela ya dawo mini da ita. Ta ce da aka fita tara, ɗana ya ɗaura shi a hanci, ya tasa ƙananan yara a gaba yana ihu, sannan ya juya ya nuna wa wata yarinya yatsa ya ce tau. Yarinyar ta yi ta kuka har gida, ta ƙi zuwa makaranta washegari. Ubanta ya zo, wasu iyayen ma sun kira.

"Ba zan ɓoye miki ba," in ji ta. "Da wani yaron ne, bulala biyu ce a wuce wurin. Amma an ce ku mutanen Borno ne. Kin san yadda mutane suke. Ki zo ranar Litinin da namiji babba daga gidanku. In ba a samu fahimta ba, sai dai ku nema masa wata makarantar."

Shekara goma sha uku ina garin nan. A nan na yi aure, a nan na binne mahaifiyata, a nan na haihu sau biyu. Amma da na buɗe baki aka ji yadda Hausata ke fita, shi ke nan, 'yar Borno. Kuma na san in aka kore shi daga wannan, labarin zai riga mu isa ta gaba. Ni da aji huɗu ya zama ƙarshena, abu ɗaya na roƙa wa yaron nan, ya wuce inda na tsaya.

Mijina ya ce ranar Litinin motar kayansu ke isowa, in ba ya nan za a raba babu shi. Zai kira shugabar a waya.

"Ba murya ta ce tana so ba, mutum ta ce."

"To ki bari mu gani."

Na gaji da bari mu gani. Juma'a ta wuce, Asabar ta wuce. Ranar Lahadi bayan la'asar, sai ga kiɗan nan ya tashi daga gindin darbejiya kamar babu abin da ya faru, don babu wanda ya gaya wa Baffa komai. Ina zaune a bayan 'yar katangar madafa ina ba yarinya nono. Sunan mahaifiyata ke gare ta, Mamana nake ce mata. Aka yi harbi a waya, Maisuna ya taya da baki. Ba zan iya yi wa surukina magana ba, amma babu wanda ya hana uwa hira da 'yarta. Na ɗaga murya fiye da yadda ake yi wa jariri.

"Mamana, kin ji abin da ake ciki? Gobe za a kori yayanki daga makaranta. Ba sata ya yi ba. Ƙyalle ya ɗaura a hanci ya harbi 'yar mutane da yatsa, kuma uwarsa 'yar Borno ce. Ke ba ki san masu ɗaura ƙyalle ba, ni na san su. Ba a sa musu kiɗa kafin su zo, Mamana. Ba sa tsayawa a tsakiyar titi su jira ka shirya. Kakanki da ya haife ni yana ɗaure akuya suka same shi, ko juyowa bai yi ba. Mun rufe taga kamar yadda matan cikin waya ke yi, ba ta tare komai ba. Babu baƙon da ya zo a kan doki. Kwana uku muna tafiya a ƙasa, mai sunanki na ɗauke da ni in ƙafata ta fashe. Yanzu kullum bayan la'asar sai an sake kashe shi a tsakar gidan nan, ina tuƙa tuwo ina ji. An ce in kawo namiji gobe. Ni ban san inda zan samo shi ba."

Ban san a wace gaɓa wayar ta yi shiru ba. Da na gama, babu motsi a gidan sai na kaji. Ji nake kamar na fita titi babu mayafi. Can na ji ƙarar sanda a ƙasa, na ji an ja ƙofar ɗakin zaure. Kwanon da na aika da magariba ya dawo yadda ya tafi. Na ce a raina shi ke nan, ga makaranta ta tafi, ga mutuncina a wurin tsoho ya bi ta.

Da safe ina ɗaura wa Maisuna igiyar takalmi sai na ga inuwa a bakin zaure. Baffa ne, cikin farar rigarsa ta Juma'a, malafa a ka, sanda a hannu.

"Takwara, ka ce wa uwarka ta ɗauko mayafi."

Haka muka tafi, shi a gaba, yaron a gefensa, ni can baya da goyo, tazarar da ta dace.

A ofis muka tarar da shugaba, da malamar ajinsu, wata budurwa mai yawan haɗa Hausa da Turanci, da uban yarinyar, wani ma'aikaci yana juya makullin mota a yatsa. Aka ba Baffa kujera. Ni na tsaya a bakin ƙofa, don ba zan zauna a ɗaki ɗaya da shi ba.

Mutumin ya fara. "Hajiya, ni ba na zargin kowa. Amma yaro abin da ya gani a gida yake yi. Mutanen nan mun karɓe su hannu bibbiyu, ba mu ce komai ba. To in an fara rufe fuska tun ana shekara shida, mu da muke da 'ya'ya a nan dole mu yi magana."

Baffa ya dafa kan Maisuna. "Wannan ba ɗan Borno ba ne. Jikana ne, sunana gare shi. Kakana a ƙasar nan ya yi kiwo tun nan wurin yana daji."

Ina tsaye na ji maganar ta shige ni kamar ƙaya. Wato hanyar ceton ɗana ita ce a goge ni daga jikinsa. Wata tara da na yi, da nonon da ya sha, duk an share da magana ɗaya, a gabana, kuma ba ni da bakin cewa uffan.

Mutumin ya yi 'yar dariya. "Au, Fulani ne? To Baba, ai ba ta sake zani ba. Kunna rediyo ka ji."

Na ga yatsun Baffa sun matse sandar har jijiyoyin hannunsa suka fito.

Shugaba ta cire tabarau ta kira Maisuna gabanta. "Kai, gaya mini gaskiya. Me kake yi ranar?"

"Kaboyi nake."

"Me ya sa ka rufe fuska?"

"Ƙura. In kana bayan shanu ƙura kake sha."

"Ina shanun?"

"'Yan nazare."

"Ina za ka kai su?"

"Mashaya." Ya nuna famfon makaranta ta taga.

Malamar ta sa hijabi ta toshe baki.

"Ita yarinyar fa, me ta yi maka?"

"Ta zo ta janye ƙaninta daga cikin garke. Ɓarauniyar shanu ce."

Wannan karon malamar ta kasa riƙewa. Da ta nutsu ta ce, "Ai Hajiya, kalmar ma asalinta makiyayi take nufi. Kau, saniya ke nan a Turanci. Boi kuma yaro. Yaron shanu."

Baffa ya juyo gaba ɗaya da kujerarsa. "Yarinya, maimaita."

Ta maimaita.

"Makiyaya? Waɗannan?" Ya girgiza kai. "Tun ina saurayi nake kallonsu, na ɗauka sunan 'yan fashi ne." Ya cire malafarsa ya juya ta a hannu kamar yau ya fara ganinta. Sannan ya dubi mai makullin mota. "Ka ji ko. Can ma mai kiwo ne, aka yi ta nuna shi da bindiga har sunan ya tashi daga kan saniya ya koma kan bindiga. Ni da sandar nan na tsufa. Uwar yaron nan kuma da ƙafa ta gudo wa bindiga, ubanta na can a ƙasa. Ya tsorata 'yarka, wannan laifi ne, kuma ni na nuna masa abin. A hukunta shi a kan wannan, ni ma a haɗa da ni."

Ban ga alamar maganar ta shiga mutumin ba. Ya ce shi dai a raba musu aji. Shugaba ta ce za a raba. Aka kawo yarinyar, Maisuna ya durƙusa ya ba ta haƙuri, ita kuma tana leƙen malafar Baffa. Aka rubuta takarda cewa ba zai sake zuwa da ƙyalle ba, ba zai sake wasan harbi ba, in ya sake babu sauran magana. Baffa ya dangwala babban yatsansa a tawada ya danna. Shugaba ta ce ya koma gida yau, gobe ya dawo aji. Da muka fito, malamar ta shafa kansa a gaban yaran da suka taru a baranda ta ce, "Sai gobe, Kaboyi." Da na san abin da wannan kalma za ta zama, da na roƙe ta ta mayar da ita.

A hanya, wajen mai kanti, Baffa ya tsaya ba tare da ya waiwayo ba.

"Takwara, ka ce wa uwarka, maganar farko da na yi a ofis, bakina ne ya riga ni."

Yaron ya rugo. "Mama, wai bakinsa ya yi gudu."

"Na ji. Ka ce wa Baffa na ji."

Iyakar abin da muka taɓa cewa a kai ke nan. Na karɓa, amma har yau in na tuna "ba ɗan Borno ba ne" sai na ji wurin ya yi mini zafi, don na ga shi ne abin da ya fara zuwa masa da aka matsa shi, kuma na ga shugaba ta ɗan saki fuska da ya faɗa.

Na ɗauka wayar za ta shiga akwati. Kwana biyu gidan shiru, Baffa ya yanko reshen darbejiya ya fere wa jikansa 'yar sanda, yana koya masa yadda ake kiran saniya. Saniyar da babu. Awakin maƙwabta biyu suka sha kira har mai su ta aiko a bar mata dabbobi su huta. A rana ta uku kwanon tuwo ya fara dawowa rabi. A ta huɗu, bayan la'asar, na ji kiɗan.

Na ajiye muciya na zauna. Ban ma san wa zan yi fushi da shi ba.

Abin da ya canja ɗaya ne. Tunda fim ɗin duk ɗaya ne, sun san lokacin da za a fara. Da kiɗa ya juya, mata suka fara jan yara suna rufe tagogi, sai in ji Baffa ya ce, "Takwara, rufe musu baki." Shi bai san inda ake dannawa ba, yaron ne ya sani. Sai gidan ya yi tsit. A yi ta kashe juna a cikin tafin hannun tsoho babu ƙara, har mai farar malafa ya hau doki, sannan a mayar da murya. In shanu suka fito kuwa har a ƙara, Baffa na zaginsu: "Wai makiyaya. Allah ya sawwaƙe."

Maisuna yana aji biyu yanzu, bai sake zuwa ofis ba. Kullum da safe sai na laluba aljihunsa da jakarsa kafin ya fita, ragowar atamfa kuma tun a shagon tela nake barinta. Amma ina wucewa da tsintsiya, kuma ina da ido. Lokacin da wayar ke shiru, idonsa na kan maza biyun nan da ke tsaye a titi, hannunsa na dama na sauka a hankali zuwa ƙugunsa, leɓensa na motsi babu sauti. Na san abin da yake cewa.

Jiya a bakin famfo wata sabuwar maƙwabciya, ko wata ba ta yi a layin ba, ta taɓa ni a kafaɗa ta ce, "Maman Kaboyi, layinki ne." Na buɗe baki zan gyara mata, sai na tuna sunan da zan ba ta a madadinsa ba zan iya faɗa ba. Na tura bokitina ƙarƙashin famfo.